Yabon yaro a gidan Kirista: Tsakanin alkunya da karya zuciya

A ƙasar Hausa da wuya a ji uba ya dubi ɗansa ido da ido ya ce masa ya yi abin kirki. Zai iya faɗa wa abokinsa a kasuwa, ko ya sa uwar yaron ta ƙara masa tsoka a miya, amma shi yaron kansa sai dai ya karanci fuska ya yi hasashe. In kuwa ɗan fari ne, ko sunansa ba a kamawa, balle a yabe shi. Wannan alkunya ba ta san addini ba. Kamar yadda take a gidan Musulmi haka take a gidajen Kiristocin da suka tashi cikin al'adar Hausa, har da waɗanda ke zaune a yammacin Jihar Zamfara, daga Anka zuwa Zugu da Bukkuyum da Gummi, inda ake samun 'yan kasuwa daga Kudu, da ma'aikatan asibiti da malaman makaranta, da kuma mutanen ƙasar Zuru da ke maƙwabtaka da yankin ta ɓangaren Jihar Kebbi.

Dalilan wannan kawaici ba na banza ba ne, kuma ya kamata a fara ba su haƙƙinsu. Akwai tsoron baki, wato gudun kada yawan ambaton alherin yaro ya jawo masa ido, shi ya sa ko baƙo ya ga jariri mai ƙiba sai ya ce tubarkalla ya yi shiru. Akwai tsoron kada kan yaro ya fashe ya raina na gaba da shi. Akwai kuma tsohuwar fahimtar da ke cewa ka ƙi naka duniya ta so shi, da 'yar'uwarta mai cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A gidan da, wannan tsari yana da magani a cikinsa: abin da uba ya hana, kaka tana bayarwa. Ita ce mai yi wa jika kirari, mai kiransa maigida ko kishiya, mai ɓoye masa ƙuli-ƙuli a bakin zane. Goggo da kawu su ma suna da nasu rabon. To, yau ma'aikacin da aka tura Gummi yana zaune a ɗaki biyu na haya da matarsa da 'ya'ya uku, kakar tana can Zuru ko Kafanchan ko Anambara. Alkunyar ta biyo shi cikin kaya, kakar ba ta biyo shi ba. Sai yaro ya tashi yana jin faɗa kullum, ba mai cike masa gurbin daɗin baki.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya ɗora wa uba

Idan aka tambayi iyaye Kiristoci da yawa abin da addininsu ya ce game da tarbiyya, ayar da za ta fara zuwa bakinsu ita ce ta bulala a Littafin Karin Magana, sura 13 aya 24, wadda ke ɗaukar ƙin horon ɗa a matsayin rashin ƙaunarsa. Ayar tana nan, ba mai musunta ta. Sai dai an fi haddace ta fiye da wasu guda biyu da Manzo Bulus ya rubuta, waɗanda kuma kai tsaye ga ubanni aka aika su. A Wasiƙar Afisawa 6:4 ya gargaɗe su da kada su tunzura 'ya'yansu zuwa fushi, su goye su cikin horo da koyarwar Ubangiji. A Kolosiyawa 3:21 ya sake maimaita gargaɗin, ya kuma faɗi dalili: gudun kada yaran su karaya.

Kalmar da aka yi amfani da ita a asalin Helenanci tana nufin mutuwar zuciya, irin ta wanda ya gwada ya gwada bai taɓa gamsar da kowa ba har ya daina gwadawa. Domin a gane nauyin maganar sai a tuna zamanin da aka rubuta ta. A dokar Rumawa uba yana da cikakken iko a kan 'ya'yansa, ko da sun girma sun yi aure, muddin yana raye. A cikin irin wannan duniya ne Bulus, bayan ya umarci 'ya'ya su yi biyayya, ya juya ga mai ikon ya ce masa shi ma akwai iyakar da ba zai tsallake ba, kuma ma'aunin iyakar shi ne halin da zuciyar yaron ke ciki. Yaron da ya yi shiru, ya daina tambaya, ya daina kawo littafinsa a gani, wanda maƙwabta ke cewa ya yi hankali, wataƙila shi ne ainihin wanda ayar take magana a kansa.

A Linjilar Markus sura 10 akwai labarin iyayen da suka kawo ƙananan yara wurin Yesu Almasihu domin ya taɓa su, almajirai suka kwaɓe su. Marubucin ya ce ran Yesu ya ɓaci da abin da almajiran suka yi, ya rungumi yaran, ya ɗora musu hannu, ya sa musu albarka. Yaran nan ba su haddace komai ba, ba su ci wata jarrabawa ba. Malaman Kirista sukan haɗa wannan da labarin baftismar Yesu a Kogin Urdun, inda bisa ga imaninsu aka ji murya daga sama tana shaidar ƙauna da yarda gare shi tun kafin ya fara wa'azi ko ya warkar da kowa. Darasin da suke cirowa shi ne ƙauna tana gaba da aiki. Yaro ba ya sayen matsayinsa a gida da sakamakon jarrabawa. Daga nan ne ake rarrabe abu biyu da iyaye kan cakuɗa: nuna wa yaro cewa ana sonsa, wanda ba shi da sharaɗi, da yaba masa a kan abin da ya yi, wanda dole ya kasance gaskiya ne kuma a kan wani abu takamaimai.

Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba. Ya san hadisin Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka nuna masa cewa wanda ba ya jinƙai ba za a jiƙansa ba. Ashe tsaurin fuskar da muke jingina wa addini, a gidajen biyu, yawancinsa gadon al'ada ne.

Ko magabatan Ikilisiya, da ba a san su da sassauci ba, sun lura da wannan. Yohanna Kirisostom, wanda ya yi wa'azi a Antakiya a ƙarshen ƙarni na 4, ya rubuta ɗan littafi kan tarbiyyar yara, inda ya shawarci uba kada ya mai da duka abin yau da kullum, domin yaron da ya saba da bulala zai raina ta, ya kuma haɗa tsawatarwa da lallashi da alkawarin lada. Martin Luther na Jamus, a ƙarni na 16, ya ba da labarin yadda mahaifinsa ya taɓa dukansa har ya riƙa gudunsa, shi ya sa ya ce inda aka ajiye sanda a ajiye 'ya'yan itace kusa da ita.

Ba kowane yabo ke gina yaro ba

Masu tsoron fashewar kai suna da hujja, kuma binciken zamani ya ba su rabin gaskiya. A 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da yaran aji biyar na firamare. An ba yaran wasu tambayoyi masu sauƙi, aka ce musu sun ci. Wasu aka ce musu lallai suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka ce lallai sun yi aiki tuƙuru. Da aka ba su zaɓin aiki na gaba, yawancin waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa suka zaɓi mai sauƙi, don kada sunan da aka ba su ya zube. Da aka kawo tambayoyi masu wuya kowa ya sha ƙasa, su ne suka fi saurin sarewa, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu suka ƙara wa kansu maki lokacin da aka ce su rubuta wa wasu yara abin da suka ci. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa sun fi jurewa, a zagayen ƙarshe ma suka fi yadda suka fara.

Wasu da suka maimaita gwajin a ƙasar Sin daga baya ba su sami sakamako mai ƙarfi haka ba, saboda haka bai kamata a ɗauke shi kamar saukakken zance ba. Amma wani bincike da aka wallafa a 2013, wanda ya bi yara 53 a birnin Chicago tun suna shekara ɗaya zuwa uku a cikin gidajensu, ya nuna cewa waɗanda iyayensu suka fi yaba wa abin da suka yi, da suka kai shekara bakwai zuwa takwas sun fi yarda cewa ƙoƙari yana ƙara basira, sun kuma fi son aiki mai ƙalubale. A Holan kuma, Eddie Brummelman da abokan aikinsa sun gano a 2014 cewa yabon da aka cika masa gishiri yana sa yaron da dama ba shi da ƙarfin gwiwa ya ƙara ja da baya, domin yana jin an ɗora masa ma'aunin da ba zai iya sake kaiwa ba. Littafin Karin Magana ya riga ya yi kashedi da daɗin baki na yaudara, ya kamanta shi da shimfiɗa wa mutum tarko.

Abin lura a nan shi ne Hausa ta riga ta tanadi kalmomin da ake bukata. Muna da gaisuwar da ba ta duba sakamako, aikin kawai take gani: sannu da aiki, sannu da ƙoƙari. Mai faskare yana samunta, mai dakan fura tana samunta, ko direban da motarsa ta mutu a hanya ana yi masa ita. Yaro ɗan shekara huɗu da ya kinkimo buta daga bakin rijiya, rabin ruwan ya zube a ƙafarsa, shi ne kaɗai ba a yi wa, sai a tambaye shi ina sauran ruwan. Muna kuma da sa albarka, wadda duk Bahaushe ya san ta fi kuɗi daraja a bakin mahaifi, wadda kuma ita ce Yakubu ya yi wa jikokinsa Ifraimu da Manassa a Littafin Farawa sura 48 da hannuwansa a kan kawunansu. Uban da alkunya ta hana shi cewa "ka burge ni" ba abin da zai hana shi cewa "Allah ya yi maka albarka, na ga yadda ka mayar wa matar nan canjinta daidai ba ta tambaya ba." Uwar da ke gudun baki tana iya rage murya ta ce, "'Yata, na ga kin share har ƙarƙashin turmi, sannu." A irin wannan magana an faɗi abin da aka gani, an faɗe shi a lokacinsa, ba a kuma kwatanta yaron da kowa ba. Ba ta kumbura kai, tana dai nuna wa yaro wane hali ne ake so ya maimaita.

Kwatantawa ita ce babbar ɓarnar gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa. Uba ya fita tun safe, ya dawo bayan duhu ya yi, hulɗarsa da karatun yaro ba ta wuce ranar da aka kawo takardar sakamako ba, tambayarsa kuma ɗaya ce: na nawa ka zo? Wanda ya zo na ɗaya a saya masa keke, wanda ya tashi daga na talatin ya koma na goma sha takwas a ce masa ya dubi ƙanensa. Duk ɗan makarantar Lahadi ya san ƙarshen rigar ado da Yakubu ya ɗinka wa Yusufu shi kaɗai a cikin 'ya'yansa: 'yan'uwansa suka kasa yi masa ko maganar alheri, daga baya suka jefa shi rijiya. Haka nan a coci, inda ake tara yara gasar haddar ayoyi a ba na ɗaya kyauta a gaban jama'a, yana da kyau malaman makarantar Lahadi da shugabannin Zumuntar Mata su tambayi kansu me aka tanadar wa yarinyar da ta haddace aya ɗaya tak bayan mako uku tana fama.

Yaran da suka fi bukata

A wannan yanki maganar ta wuce ta salon tarbiyya. A farkon 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, sanadiyyar gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka wa da niƙa wa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi musu magani. Ba a kai ga kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega ba sai a 2013. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira marar illa, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwa, wato raunin fahimta da gajeren hankali da saurin fushi, ba ta gogewa ko da an fitar da gubar daga jini. Waɗanda suke goye a wancan lokaci yau sun zama samari da 'yan mata, wasu sun fara ajiye nasu 'ya'yan. Nawa ne a cikinsu suka tashi ana ce musu daƙiƙi ko sakarai a aji da gida, a kan laifin ƙurar da suka shaƙa suna rarrafe?

A kan wannan aka ɗora rashin tsaro. A watan Janairun 2022 an kai hare-hare kan ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin kuma suka ce sun kai 200. Garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira. A 2021 an rufe makarantun jihar bayan sace-sacen ɗalibai. Yaron da ya kwana a daji yana jin harbi yakan koma fitsarin kwance, ko ya daina magana, ko ya zama mai faɗa da kowa. Irinsu suna nan a gidajen 'yan'uwa a Gummi da Gusau, Musulmi da Kirista, ana riƙonsu tare da 'ya'yan gida, kuma su ne na ƙarshe da ake tunawa da su in ana rabon kalma mai daɗi. Ga ɗan Kirista akwai ƙarin wani nauyi, domin sau da yawa shi kaɗai ne ko su biyu a ajinsu, sunansa daban, ranar ibadarsa daban. Idan ya dawo gida ya tarar da wani alƙalin yana jiransa, ba shi da sauran wurin da zai sauke numfashi.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma kimanin ɗaya cikin biyar na maza da ɗaya cikin shida na mata sun sha cin zarafi na baki da muzantawa daga iyaye ko masu riƙonsu. Mu da muka yarda cewa bakin uwa yana kama ɗa, abin mamaki ne yadda "ba za ka yi albarka ba" ke fita da sauƙi a kan kofin da aka fasa. Wasiƙar Yaƙub sura 3 ta yi mamakin wannan harshe da ake yabon Allah da shi da safe a kuma la'anci mutum da shi da rana.

Shaida mafi ƙarfi cewa magana tana aiki ko a jikin yaron da ya riga ya sami rauni ta fito ne daga Jamaika. A 1986 da 1987 Sally Grantham-McGregor da tawagarta suka ɗauki yara 129 da tamowa ta tsumburar da su a unguwannin talakawa na birnin Kingston, masu wata tara zuwa shekara biyu. Wasu aka ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta riƙa ziyartar gidansu awa ɗaya kowane mako har shekara biyu, tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida, ta riƙa kiran sunayen abubuwa, ta kuma yaba masa duk lokacin da ya gwada. Bayan shekara ashirin aka nemo su. Amfanin madarar ya ɓace, amma waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 25 cikin 100, kamar yadda aka wallafa a mujallar Science a 2014. Gwangwanin madara da murfin kwalba da bakin uwa ne kayan aikin, kuma duk akwai su a Zugu.

A Littafin Ayyukan Manzanni akwai wani mutumin Kubrus mai suna Yusufu, wanda manzanni suka laƙaba wa Barnaba saboda halinsa na ƙarfafa zuciya. Wani saurayi, Yohanna Markus, ya bi su tafiyar wa'azi shi da Bulus, ya rabu da su a hanya ya koma gida. Da za a sake fita Bulus ya ce ba za a tafi da wanda ya gudu ba, Barnaba ya ce sai an tafi da shi, gardama ta yi zafi har suka rabu, Barnaba ya ɗauki saurayin suka nufi Kubrus. Shekaru bayan haka, a Wasiƙa ta Biyu zuwa ga Timoti, Bulus ɗin nan da kansa, yana kurkuku, ya aika a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Bisa ga al'adar Ikilisiya, wannan saurayi da aka so a bari a baya shi ne ya rubuta Linjilar da ta adana labarin yaran da almajirai suka kora.